Dattijon Shikago, littafin besbol da bindigar babansa

Wannan tafiyar tun farko ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, Hajiyarmu na raka. Matar ƙanena ce ta haihu a Shikago, ɗan fari, Hajiya kuma tace ita kam sai ta je ta kula da mai jego ko da na sati 3 ne, to ga shekaru ga ciwon gwiwa ga ba Turanci, dole wani ya bi ta, shi ne aka ce ni. Daga Abuja muka tashi, muka yada zango a Santambul, daga nan kusan awa 11 a sama sai filin jirgin O'Hare. Watan Agustan 2024 ne, na cika jaka da rigunan sanyi saboda labarin da nake ji na garin, sai na tarar da zafi da gumi kamar Lakwaja.

Ƙanen nawa yana haya ne a unguwar Chatham da ke kudancin birnin, unguwar baƙaƙen fata ce masu rufin asiri, gidajen jan bulo a jere kowa da 'yar ciyawarsa a ƙofar gida ya aske ta tsaf. Gidan bene ne hawa biyu, su suna sama mai gidan yana ƙasa. To wannan mai gidan shi ne dalilin rubutun nan. Dattijo ne ɗan shekara 72, dogo, matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu duk suna wasu jihohin, kullum da yamma yana baranda da 'yar rediyo da wata shuɗiyar hula mai harafin C ja a goshi wadda ta koɗe har ta kusa zama fara. Ni dai Baba nake ce masa tun ranar farko, ya tambayi ƙanena ma'anarta, da aka gaya masa yace ya karɓa. Hajiya kuwa da ta ji cewa shi kaɗai yake kwana yake tashi a gidan nan sai tausayi ya kama ta, tun daga ranar ba a sauke tukunya ba a kai masa ba, har tuwon semo da miyar kuka ya ci, yajin da ta zo da shi kuwa sai da ya nemi a ɗibar masa a kwalba.

Kwana 5 da zuwanmu ina zaune kusa da shi yana sauraron rediyon nan yana rubuce-rubuce da fensir a wani littafi mai gidaje-gidaje kamar rajistar makaranta, nace Baba wai me kake lissafawa haka kullum. Yace besbol. Nace ni fa ban taɓa gane kan wasan nan ba, mutum ya tsaya da kulki wani ya jefo masa ƙwallo shi kenan. Ya cire tabarau ya kalle ni, yace ranar Asabar ka shirya ƙarfe 11.

Asabar ɗin muka taka zuwa tashar titi na 79 muka hau jirgin ƙasa na Jan Layi. A wannan yankin jirgin yana gudu ne a tsakiyar babban titin Dan Ryan, motoci dama da hagu, sai muka wuce tashar da ake kira Sox-35th, ya nuna mini wani ƙaton filin wasa ta taga yace wancan na White Sox ne, ƙungiyar mutanen kudu, kusan duk maƙwabtansa su suke goya wa baya, shi kuwa tun yana yaro na Cubs ne ƙungiyar arewacin birni kuma ya sha tsiya a kan haka shekara 60. Dalili mutum ɗaya ne, Ernie Banks, baƙar fata na farko da ya buga wa Cubs a 1953. Babansa daga Misisifi ya yi ƙaura ya zo Shikago neman aiki kamar dubban baƙaƙen da suka gudo daga kudancin Amurka a lokacin, yace babansa ba mai yawan magana ba ne amma in Banks ya ɗauki kulki sai kowa ya yi tsit a gidan. Jirgin ya nutse ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar gari, ya sake fitowa sama, kowace tasha sai shuɗiyar riga ta ƙaru har muka cunkushe, wajen minti 40 muka sauka a Addison.

Wrigley Field, filin wasan Cubs, ba a bayan gari yake ba kamar yadda na zata, a tsakiyar unguwa yake, gidajen mutane sun kewaye shi, har akwai benayen da ke tsallaken titi da aka kafa kujeru a kan rufinsu ana kallo daga can. Tun 1914 aka buɗe shi. Baba ya fara kai ni gaban mutum-mutumin Banks ya tsaya ya ɗan yi shiru, sannan muka bi layi. A ƙofa kowa sai ya ratsa na'urar binciken ƙarfe, ga kuma tambarin nan da nake ta gani a ƙofofin shaguna da asibiti tun zuwana, hoton ƙaramar bindiga an zagaye ta da ja an ja layi a kai. Nace Baba wai da gaske har sai an roƙi mutane kar su shigo da bindiga wajen wasa? Yace bari mu zauna tukuna, wannan maganar doguwa ce.

Ƙarfe 1:20 za a fara, azahar ta shiga kenan, na samu wani lungu bayan matakala na shimfiɗa rigata ta sama na tayar da salla. Ina idarwa na ga ashe dattijon nan tsayawa ya yi a gabana ya ba ni baya ya buɗe hannu yana karkatar da mutane don kar a ratsa ni, ban roƙe shi ba, bai kuma ce komai a kai ba, kawai ya miƙo mini ƙullin gyaɗa yace wannan na san za ka iya ci. Gyaɗa ce soyayyiya da ɓawonta da gishiri, kowa yana ɓarewa yana zubar da ɓawon a ƙarƙashin kujera, mutum kusan dubu 40.

Wallahi da muka fito daga ramin matakala idona ya faɗa kan filin nan sai da na tsaya. Kore shar, ga katangar bulo can ƙarshe wani ganye mai yaɗo ya lulluɓe ta gaba ɗaya, tun 1937 aka shuka shi, yace wani lokaci ƙwallo tana shigewa ciki ta ɓace sai ɗan wasa ya ɗaga hannu biyu alƙali ya yanke hukunci. Allon sakamako kuma har yau mutane ne a ciki suke sauya lambobi da hannu. Fitilu ma sai 1988 aka sa, kafin nan duk wasanninsu da rana ne.

Ga yadda ya koya mini. Kowace ƙungiya mutum 9 ne a fili. Tashoshi huɗu ne a jere kamar murabba'i, tsakanin kowace da kowace ƙafa 90, ta huɗun ita ce gida inda mai bugu yake tsayawa. Mai jifa ya jefo, in ka buga ka ruga tasha ta farko kafin ƙwallo ta riga ka, in ka zagayo duka ka dawo gida an ci ɗaya. Ka yi kuskure 3 an fitar da kai, mai jifa ya yi jifan banza 4 ka tafi tasha ta farko kyauta. An fitar da mutum 3 sai a yi musanya, haka har zagaye 9. Abin da ban sani ba shi ne ƙwallon nan gudun da take yi ya fi kilomita 150 a awa, kuma tana lanƙwasa a iska, a talabijin ba ka ganin haka, a nan kuwa ƙarar faɗawarta cikin safar mai cafewa kamar an mari fata nake ji daga inda muke. Kowane matsayi yana da lambarsa daga 1 zuwa 9, shi ya sa in abu ya faru sai Baba ya rubuta 6-3 ko ya zana K in mai jifa ya fitar da mutum, da waɗannan 'yan alamomin zai iya karanta maka wasan da aka yi shekara 30 da suka wuce bugu bayan bugu.

Abu ɗaya da yake ta mita a kai shi ne agogo. A 2023 aka kawo doka cewa mai jifa daƙiƙa 15 gare shi in ba kowa a tasha, daga 2024 kuma 18 in da mutum, wasa ya ragu da kusan minti 25. Yace kowa yana murna, shi ma ya san ya taimaki wasan don yara sun fara dawowa, amma shi an rage masa lokacin hira, don shi a wurinsa tsakanin jifa da jifa nan ne mutum yake sanin wanda ke zaune kusa da shi.

A zagaye na 3 ya dawo kan tambayata da kansa. Yace ni ina da bindiga biyu. Ɗaya doguwa ce ta harbin tsuntsaye wadda babansa ya taho da ita daga Misisifi, yace a can ba don zomo kaɗai ake ajiye ta ba, in fararen fata masu rufe fuska suka zo da dare ba ɗan sandan da za ka kira, don wani lokaci shi ma yana cikinsu. Ta biyu ƙarama ce, ya saye ta bayan 2010. Tun 1982 birnin Shikago ya hana mallakar ƙaramar bindiga, sai wani dattijo baƙar fata mai suna Otis McDonald ɗan unguwar Morgan Park, wanda ɓarayi suka addabi gidansa, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 2010 alƙalai 5 cikin 9 suka ba shi gaskiya, suka ce gyara na biyu na tsarin mulki, mai ba da 'yancin mallakar makami, wanda aka yi tun 1791 ya hau kan jihohi da birane ma. Baba yace shi yana bayan McDonald ɗari bisa ɗari, mutumin kirki a cikin gidansa bai kamata gwamnati ta bar shi hannu rabbana ba alhali 'yan daba ba su taɓa neman izini ba.

Ni a nan sai na gyara zama don maganar ta zo inda nake. Asalinmu Zamfara ne, ƙauyen kakanninmu yanzu rabinsa kufai ne, mutanen da na sani da suna an ɗauke su an biya kuɗin fansa, wasu an biya ba su dawo ba. Na ba shi labarin yadda a watan Yunin 2022 gwamnatin jihar ta fito fili tace jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga su kare kansu, nace Baba ni a raina na goyi bayan haka, manomi da bindigar toka ɗan fashi da AK-47, wane irin adalci ne wannan. Ya gyaɗa kai yace maganar babana kenan sak.

Amma fa, yace, sai ya tsaya ya rubuta wani abu a littafi don an fitar da mutum, sannan ya ci gaba. Yace shi ba ya cikin masu cewa duk wata doka zalunci ce. A Illinois kafin ka taɓa bindiga ko harsashi sai kana da kati daga 'yan sandan jiha, in ka biya kuɗi a shago kuma sai ka jira awa 72 kafin a ba ka, shi ya jira kuma bai ga abin da ya rage shi da shi ba, yace wanda ba zai iya haƙurin kwana 3 ba shi ne ainihin wanda bai kamata a ba shi ba. Ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba, cewa a 2021 sama da mutum dubu 48 bindiga ta kashe a Amurka kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu, ba fashi ba ne ba faɗa ba, baƙin ciki ne na dare ɗaya ya haɗu da bindiga a durowa. Nasa biyun suna kulle a akwatin ƙarfe, harsashi a wani wuri daban. Abin da ke ƙona masa rai shi ne Indiyana, daga ƙofar gidansa zuwa iyakar jihar bai kai minti 30 a mota ba, can kuwa mutum zai iya sayen bindiga hannu da hannu wurin wani ba tare da an binciki tarihinsa ba, tun Yulin 2022 ma ba ka buƙatar lasisin yawo da ita, to ka tsaurara a nan ka bar can a buɗe, kamar ka rufe ƙofa ne ka bar katanga a rushe. Manyan bindigogin nan irin na yaƙi kuwa yace bai ga abin da farar hula zai yi da su ba, ya tuna mini Highland Park, wani gari a arewa da Shikago, inda ranar bikin 'yancin kai 4 ga Yulin 2022 wani ya hau rufin bene ya buɗe wa masu fareti wuta ya kashe mutum 7, bayan nan ne a Janairun 2023 jihar ta hana sayar da irinsu.

Nace Baba ku nan in ka buga waya 'yan sanda za su zo, mu can sai an gama an binne. Yace gaskiya ne, ba zan ce maka kar ku kare kanku ba, amma ka tambayi kanka bayan an kori ɓarayin bindigogin nan ina za su, wa zai riƙe su ranar da aka yi rikicin gona ko na gado. Ban ba shi amsa ba kuma har yau da nake rubutun nan ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba, wanda bai kwana a daji da 'ya'yansa yana jin harbi ba akwai abin da ba zai gane ba, amma tambayar tasa ta zauna mini, don na ga abin da wasu 'yan sa-kai suka koma yi a wasu garuruwan namu da idona.

Ana cikin haka wani ɗan ƙungiyar baƙi ya ɗaga ƙwallo ta tsallake katangar ganyen nan ta faɗa cikin 'yan kallo, sai naji filin ya ɗauki ihu, wanda ya cafe ya miƙe ya wurgo ta cikin fili. Baba ya yi dariya yace al'adar gidan nan ce, ba ma ajiye ƙwallon abokin gaba.

Sai a zagaye na 5 ya buɗe jakar ledar da ya riƙo ya fito da wani tsohon littafin irin na hannunsa, bangon ya yi laushi, an rubuta 2016. Yace buɗe. Shafukan farko rubutun wani ne daban, ƙanana a tsaye, K ɗinsa da 'yar wutsiya, daga Afrilu har tsakiyar Agusta, daga nan sai rubutu ya koma na Baba manya masu karkata. Ɗan ƙanwarsa ne, shekararsa 19, shi ya koya masa tun yana ɗan 8 kuma tare suke zuwa nan. Ya fito daga wurin aiki da dare yana jiran bas aka yi harbi daga cikin mota, ba shi ake nema ba. A shekarar sama da mutum 750 aka kashe a Shikago. Kuma a shekarar ce dai, ranar 2 ga Nuwamba, Cubs suka ci kofin zakarun besbol da rabonsu da shi tun 1908, shekara 108, a wasa na 7 kuma na ƙarshe a Cleveland, ruwan sama ya tsayar da wasa minti 17 aka dawo aka ƙare 8 da 7 a zagaye na 10, na ƙarin lokaci. Yace babansa ya rayu ya mutu bai gani ba, yaron nan saura wata 2 da 'yan kwanaki ya gani. Bayan nasarar mutane suka yi ta zuwa suna rubuta sunayen mamatansu da alli a jikin katangar filin ta waje, shi ma ya hau Jan Layi da allinsa ya rubuta suna biyu. Ni dai innalillahi kawai nake maimaitawa a raina, na rufe littafin na miƙa masa da hannu biyu. Ya mayar jaka, ya miƙo mini fensir da littafin bana yace karɓi, daga nan kai za ka rubuta, idona ya gaji.

Haka na riƙa rubutawa yana gaya mini lamba. Tsakiyar zagaye na 7 kowa ya miƙe tsaye aka yi waƙa gaba ɗaya, tsoho da yaro, muka zauna.

Maganar kuɗi kuwa ni na jawo ta, nace 'yan wasan nan nawa ake biyansu. Yace akwai ɗan Japan Shohei Ohtani da ƙungiyar Dodgers ta ɗauka a Disambar 2023 kan dala miliyan 700 na shekara 10, amma miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara, sauran miliyan 680 sai bayan kwantiragin ya ƙare za a riƙa ba shi. Akwai kuma Bobby Bonilla da ya daina wasa tun 2001 amma duk ranar 1 ga Yuli ƙungiyar Mets tana biyansa kusan dala miliyan 1.2, tun 2011 har zuwa 2035. Sai ya juyo yace kai fa, shekararka nawa? Nace 44. Yace nawa ka tara na tsufa? Na yi shiru don wallahi ban san adadin ba, na san dai ana cire kashi 8 cikin 100 na albashina wurin aiki su ƙara kashi 10 a zuba a asusun fansho, amma rabon da in duba takardar har na manta.

Bai yi mini faɗa ba, labarinsa ya ba ni. Gyaran injina ya yi a wata masana'anta shekara 30 da wani abu. Da farko kamfani ke da alhakin fansho, daga baya suka rufe wannan tsarin suka koma wanda ake kira 401k, sunan wani sashe ne na dokar haraji ta 1978, kai za ka ware wani abu daga albashinka kafin a cire haraji, kamfani ya ɗora maka wani abu a kai, a zuba a hannun jari, in ka taɓa kafin shekara 59 da rabi a ci ka tarar kashi 10 ban da haraji. Yace shekaru ya yi bai shiga ba yana ganin wayo ne, sai da ya kai 40 matarsa ta zaunar da shi da takarda da biro ta nuna masa kuɗin kamfani da yake bari a ƙasa duk wata. Ya shiga. Sai 2008 ta zo kasuwa ta rushe, daga ƙarshen 2007 zuwa Maris 2009 hannayen jari suka zube fiye da rabi, yana da shekara 56 ya buɗe ambulan ya ga kusan rabin guminsa ya tafi. Abokin aikinsa da suke injin ɗaya ya tsorata ya sayar da komai a lokacin, shi kuma matarsa ta karɓe ambulan ɗin ta hana shi buɗe na gaba har shekara 2, aka ci gaba da cira ana zubawa. Kasuwa ta dawo ta wuce inda take. Abokin nan yanzu shekararsa 74 yana tsaye a ƙofar wani kanti yana duba rasit, yace duk ranar da ya gan shi sai ya kasa cin abinci.

Sannan akwai na gwamnati da Roosevelt ya kafa a 1935, ana cire kashi 6.2 daga ma'aikaci, mai aiki ma ya ba da 6.2. Kana iya fara karɓa a 62 amma a rage maka har mutuwa, in ka wuce cikakkun shekarunka kuma duk shekarar da ka ƙara jira ana ƙara maka kashi 8 har zuwa 70. Shi sai da ya kai 68. Na ukun shi ne gidan, yace hayar da ƙanenka ke biya ita ce ke biyan harajin gida da magani da tikitin nan da muke zaune a kai.

Nace Baba naku dala ce, mu naira muke tarawa, bana hauhawar farashi ta haura kashi 30, abin da na tara shekara 15 in aka juya shi dala yau bai kai rabin darajarsa ta shekara 2 da suka wuce ba, to mutum ya yi haƙurin me. Nan kam ya yi shiru ya daɗe, yace wannan ban da amsarta, ban taɓa rayuwa a inda kuɗi ke narkewa haka ba, amma ko a hakan gara ka san lambar da ka rufe ido. Nace mu kuma a wurinmu 'ya'ya su ne fansho, ga Hajiya nan ba ta da asusu ko ɗaya kuma ba ta rasa komai ba. Yace ya lura, kuma yana sha'awar abin ƙwarai, tun da ta zo yake kallon yadda muke durƙusawa mu gaishe ta, amma shi nasa 'ya'yan suna fama da bashin makaranta da na gida, ya fi so in sun bugo waya su san gaisuwa ce kawai za a yi. Ni a ganina kowannenmu akwai abin da ya rasa, shi yana da kuɗin magani ba mai miƙa masa ruwan sha, mu kuma muna da masu miƙa ruwan amma mun ɗora wa yaran da ba su ma samu aiki ba kayan da ba mu tambaye su ko za su iya ba, ni kaina 'ya'ya 5 gare ni kuma ban taɓa zama na yi wannan lissafin ba sai ranar.

Cubs suka ci wasan. Aka ɗaga farar tuta mai shuɗin harafin W a saman allon, yace tun da can ana yin haka ne don masu wucewa a jirgi su san yadda aka tashi. A hanyar komawa ya yi barci tun kafin mu shiga ƙarƙashin ƙasa, jakar ledar a ƙirjinsa ya rungume.

Da dare na tambayi ƙanena ko shi yana cikin tsarin 401k ɗin nan, yace Yaya ina ciki, daidai abin da asibitinmu ke ɗorawa nake sakawa, kuma na nemi irin jarin da ba ruwansa da bankunan riba da giya da caca, akwai su, Baba ne ma ya matsa mini tun watan da na tare. Hajiya tana jinmu tana jijjiga jariri tace ku dai ku riƙa sauka kuna duba bawan Allahn nan ko bayan na tafi.

Ranar da za mu taso ya fito har bakin mota, ya yage shafin wasan ranar daga littafinsa, rabi rubutunsa rabi nawa, ya ninke ya sa mini a aljihun gaba. Hajiya ta yi masa addu'a doguwa da Hausa yana tsaye ya cire hula, ƙanena yana fassara masa abin da ya samu.

Sati 2 da dawowata na je ofishin masu kula da fanshona na ce a buga mini takardar asusuna tun daga farko, na zauna a mota na karanta ta layi-layi, na ga akwai wata 7 da aka cire a albashina ba a zuba ba, yanzu haka ina kan bin maganar. Ƙarshen Satumba ƙanena ya turo mini saƙon murya a WhatsApp, Cubs sun ƙare kaka da ci 83 da faɗuwa 79 ba su kai zagayen neman kofi ba, sai naji muryar Baba a bayansa yana cewa a gaya mini sai baɗi, kuma a gaya wa Mama yajin nan ya kusa ƙarewa.